Yayata Ta Ƙi Wuce Shebur Huɗu

Zuwa ga Maureen,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Juma'a, domin ranar na yi wa wata alkawarin ba ta amsa. Kwana huɗu ke nan ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Na san shafinki na rigimar aure ne da ta maƙwabta da 'ya'yan da suka daina kiran waya, wani zai karanta tawa ya ce ji tsohuwar nan, a kan karta take wannan kuka. To ya faɗa. An gaya mini kin shekara goma sha biyar kina alƙalancin wasan kartar nan, birij, kafin ki kama rubutu a jarida, saboda haka ke ce kaɗai na san ba za ki yi mini dariya ba.

Matsalata yayata ce, Irja. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta ba ni shekara bakwai, yanzu tana da saba'in da takwas. Shekara ashirin da biyu ke nan muna abokan wasa, ita a kujerar Arewa ni a ta Kudu, kowace Talata da ƙarfe ɗaya na rana, a ɗakin ƙasa na cocinmu nan Thunder Bay, Kanada. Tebur tara muke yi in an cika, ranar da ƙanƙara ta toshe hanya mu yi shida. Ni nake ɗauko ta a mota tun da idonta na hagu ya hana ta tuƙi. Ita kuma take gasa pulla, burodin zaƙi na mutanenmu na Finland, ta yanka ta jera kusa da butar kofi, har mutane sun saba, in ba su ga farantinta ba sai su fara tambaya ko lafiya. Na faɗi wannan duka ne don kada ki ɗauka ba na ƙaunarta. Ina ƙaunarta ƙwarai, amma ta ishe ni.

Kin san yadda wasan namu yake. Katunan da aka raba mana su ne za su zagaya kowane tebur, don haka babu mai fakewa da rashin sa'a. Abin da kuka yi da hannunku ake gwadawa da abin da wasu suka yi da shi. In sauran tebura sun yi tayin shida, wato silam, sun ɗauki alkawarin cin zagaye goma sha biyu cikin goma sha uku kuma sun cika, ku kuwa kun tsaya a huɗu da alkawarin goma, to ko duka goma sha ukun kuka kwashe ku ne a gindin takarda. Ladan silam na wanda ya yi ƙarfin halin nema ne. Mu kuwa ba ma nema. Na duba takardun sakamakonmu na bara kaf, sau goma sha ɗaya silam ya zo har hannunmu, sau biyu kacal muka yi tayinsa.

Dalili kuwa wata lamba ce da Yaya ta riƙe, talatin da uku. As, babban kati, maki huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya, a haɗa nata da nawa, in bai kai talatin da uku ba ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta wuce huɗu ba. Shekara arba'in ta yi tana auna magani a kanti, na yarda a can ba a cewa "ya kusa". Amma karta ba maganin tari ba ce. Hannun da ba shi da ko kati ɗaya a wani dangi cikin huɗun nan, shebur, zuciya, lu'ulu'u da ganye, ga dogon dangi a gefe, ga na yanka, wato dangin da aka zaɓa ya fi sauran, a wadace, ai ya fi tarkacen sarauniyoyi da jak-jak da aka warwatsa ko'ina, ko da makinsu ya fi yawa. Na kawo mata littafi, ta sa shi ƙarƙashin tukunyar fure. Na yanko mata shafi daga mujalla na manna a jikin firij ɗinta, da na koma na tarar ta rubuta jerin cefane a bayansa.

Bari in ba ki labarin Talatar da ta wuce, don ita ce ta ƙarasa ni. Yaya ta buɗe da shebur ɗaya. Ni ina riƙe da shebur huɗu har da sarki da jak, lu'ulu'u biyar da as da sarauniya a kai, ganye huɗu ƙarƙashin sarki, zuciya kuwa babu ko ɗaya. Maki goma sha uku in ƙirga ake yi, amma duk mai ido ya san hannun ya fi haka nesa. Na ajiye lu'ulu'u biyu, wanda a tsarinmu ke nufin ba za mu tsaya ƙasa da huɗu ba. Ta ɗaga ni zuwa lu'ulu'u uku. Maureen, murna ta kama ni. Mun dace a dangi biyu, abokan hamayya in sun fito da zuciya in yanke tun zagayen farko. Sai dai na rasa ta inda zan bi. In na yi mata tambayar as nawa gare ta, ta ce biyu, ban san ko na zuciya na ciki ba, wanda ba shi da amfanin komai a wurina. In na yi tsalle zuwa shida ni kaɗai kuma abin ya rushe, har mu isa gida ina jin shirunta.

Sai na zauna. Na ninke katunana na ajiye, na sake buɗewa. Na kai hannu akwatin tayi na taɓa katin shida, na janye. Na kalli silin. Mutumin da ke damana har ya cire tabarau ya goge ya mayar. In ban yi ƙarya ba na yi minti ɗaya da rabi. Daga nan na zaro shebur huɗu na ajiye a hankali, na ɗago na zuba mata ido. Ko jariri ya ga wannan zaman ya san akwai kaya a hannuna. Shekara ashirin da biyu, ai ya ci a ce ta san ma'anar numfashina ma. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta zaro koren katin nan na "na wuce", wato ba ta da ƙarin tayi, ta ajiye, kamar mai ajiye cokali bayan ta ƙoshi.

Na shimfiɗa katunana a tebur kamar yadda dokar wasan ta ce, na zauna ina kallo tana kwashe zagaye ɗaya bayan ɗaya har goma sha uku, ko gumi ba ta yi ba. As biyu gare ta, na shebur da na ganye, ga sarkin lu'ulu'u da jak ɗinsa, da wasu manya, maki goma sha bakwai cur. Da aka liƙa sakamako a bango, tebur shida sun yi shida, ɗaya ya yi bakwai, waɗanda suka tsaya a huɗu mu ne da wasu mata biyu da suka fara koyon wasa a watan Satumba.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, as biyu, ga sarkin dangina, me kike jira kuma? Takardar gayyata?"

Ta ce, "Talatin ne, Auta. Sha bakwai da sha uku."

Na ce, "Goma sha uku kika kwashe da talatin ɗin naki!"

Ta ce, "Na gani, ai ina wurin. Ke kuma kin ga jar wutar can, ko ita ma sai an aiko miki da takarda?"

Shi ke nan. Haka kullum. Ba za ta yi faɗa ba balle in huce, sai ta bar ni ina tafasa ni kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ba haka take ba. Da Yaya ce mai tsoratar da ni, ta yi tsalle zuwa shida ina riƙe da zuciyata a hannu. Na san ranar da ta canja. Shekara tara da suka wuce muka je babbar gasa a Duluth, can Amurka. Wani hannu ya zo irin wannan, na daɗe ina tunani na tsaya a huɗu, ita ta ƙarasa mu shida, muka ci. Sai wani mai gemu daga cikin abokan hamayya ya ɗaga hannu ya kira alƙali, wai na daɗe kafin in yi tayi. To mutum ba zai yi tunani ba? Wasan tunani ne fa! Alƙalin ya soke mana silam ya mayar da mu huɗu, ya ja Yaya gefe suka yi magana a baranda. Ta dawo fuskarta ja wur. Na tambaye ta abin da ya ce, ta ce, "Laifina ne, bar maganar." Ni na ɗauke shi a matsayin sharrin mutum ɗaya da ba ya son faɗuwa, na manta da shi kafin mu ƙetare iyaka. Ita kuwa tun daga ranar gwiwarta ta yi sanyi, ta kama talatin da uku ta rungume.

Ko kuwa in ce da ni kaɗai gwiwar ke sanyi, kuma nan ne abin ya zama cin fuska. Bara aka yi mini aikin gwiwa, na yi mako shida ban je kulob ba. Orest, alƙalin wasanmu, shi ke zama da duk wanda ya rasa aboki, shi ya zauna da ita, har yana zuwa ɗaukarta. Da na dawo ina dogara sanda, sai ga mutane suna ba ni labari. Silam uku suka yi a mako shida, ɗaya ma da maki ashirin da bakwai. Ashirin da bakwai! Na tare ta, ta ce wai hannuwan ne suka zo da sauƙi. Na tambayi Orest, ya sosa ƙeya ya ce, "Yayarki ta san karta, ni bin ta kawai na yi," ya wuce yana gyara kujeru. Wato da bare tana da ƙarfin hali, ni ce ba ta yarda da ni ba. Har yanzu kallon yarinyar nan take mini da take kaiwa makaranta riƙe da hannu, ga ni da jikoki huɗu.

Ni ma na yi abin da ban ji daɗinsa ba, zan faɗa tunda ba sunana zan sa ba. Makonni uku da suka wuce, lokacin hutun kofi, ana hira na ce da Yaya ce ta tuƙo jirgin da ya kawo kakanninmu, da har yau muna bakin ruwa a Finland tana ƙirga. Kowa ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta tattara farantinta ta je ta wanke, alhali da sauran pulla a kai. Na ji kunya, amma ban ba ta haƙuri ba, don a raina ina cewa ai gaskiya na faɗa.

To ga inda Juma'a ta shigo. Akwai wata a kulob ɗinmu, Rosalba, gwana ce, ita ke yin na ɗaya kusan duk wata. Abokiyar wasanta ta koma garin Kelowna wurin 'yarta. Ran nan Yaya tana da ganin likitan ido, na zauna da Rosalba wasa ɗaya. Maureen, kamar an buɗe taga. Hannu ya zo, na yi jim kamar yadda na saba, na tsaya a huɗu, ita ko daƙiƙa ba ta ɓata ba ta ajiye shida, muka ci. Muka tashi da kashi sittin da huɗu cikin ɗari, rabona da ganin irin wannan lamba har na manta. Muna sa riguna ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar'uwa, ɓata kanki kike yi a teburin can. Ni da na ga kin yi shirun nan na san akwai kaya. Zo mu je Duluth a Afrilu mu ba su kashi." Tana so in zama abokiyar wasanta gaba ɗaya, har da Talata, don a saba kafin gasar. Ta ba ni zuwa Juma'a, in ba haka ba za ta nemi wata.

Ina so, ba zan ɓoye miki ba. Shekarata saba'in da ɗaya, ban san sauran gasa nawa suka rage mini ba, kuma na gaji da fitowa ta bakwai cikin tara. Amma tun rasuwar mijinta Talatar nan ce kaɗai ke fitar da Yaya daga gida, in ka cire coci da asibiti. Zan ci gaba da ɗauko ta, wannan ba matsala, amma da wa za ta zauna? Orest ba zai yi da ita kullum ba. In tuƙo ta har ƙofa, sannan in wuce teburin wata, tana kallo? In na tuna wannan sai in fasa. In na tuna koren katin nan kuma sai in ji kamar in kira Rosalba yanzu-yanzu.

Ki gaya mini gaskiya, ashe ba ni da gaskiya a kan lambar nan? Kuma ta yaya ake gaya wa yaya cewa an gaji da haƙuri da ita, ba tare da an karya mata zuciya ba?

Taki,
Auta mai zaman Kudu

*

Auta,

Ban yi miki dariya ba, kuma na sa wasiƙarki a gaban wasu don ta fito kafin Juma'a. Zan fara da inda kike da gaskiya, domin akwai shi. Talatin da uku ma'auni ne na hannuwan da suka rarrabu daidai-wa-daida, inda babu abin yanka, manyan katuna ne kawai za su ci. Da zarar kun dace a dangi ɗaya, ballantana biyu, kuma ɗayanku ba shi da komai a wani dangi, ƙirgan maki ya rage amfani. Abin tambaya a nan shi ne ta ina abokan hamayya za su ci zagaye biyu. Hannunku na Talata babu ta inda za su ci ko ɗaya. Duk wanda ya ce miki a tsaya a huɗu da wannan hannu don maki talatin ne, bai auna shi daidai ba.

Sai dai ban yarda yayarki ba ta iya aunawa ba. Matar da ta yi silam da ashirin da bakwai a gaban Orest ta san duk abin da ke cikin littafin da kika kai mata. Ki sake karanta wasiƙarki daga inda kika ce "Sai na zauna". Amsarki tana nan, da hannunki kika rubuta.

Dokar wasanmu ce, kuma ita ce ƙashin bayansa: abokan wasa ba su da hanyar magana sai katin da suka ajiye. Tunani ba laifi ba ne, kina iya yin minti biyu in kina so. Amma abin da jinkirinki ya faɗa, abokiyar wasanki ba ta da iznin amfani da shi. In kin daɗe sannan kika tsaya a huɗu, kowa a teburin ya ji cewa kina da fiye da abin da kika nuna. Daga wannan lokacin, matuƙar cewa "na wuce" abu ne da mai hankali zai iya yi da hannunta, dole ne ta ajiye koren katin, ko da ranta yana gaya mata goma sha uku na nan. Da kin ajiye shebur huɗun nan cikin daƙiƙa biyar, tana da 'yancin ta dubi as biyunta ta matsa gaba, kuma ina kyautata zaton da ta matsa. Minti ɗaya da rabin da kika yi shi ya ɗaure mata hannu. Taɓa katin shida a janye da zuba mata ido kuwa sun wuce tunani, aika saƙo ne. Ban ce kin yi da niyyar maguɗi ba, na san ba haka kika ɗauke shi ba. Amma a teburin da ba a san ki ba, sunan da za a ba shi ke nan.

Ban san yayarki ba, ina iya kuskure. Sai dai na sha tsayawa a irin barandar nan ta Duluth, na san abin da alƙali yake faɗa a can. Yakan ce, wannan karon maki kawai muka soke, in ya sake faruwa za a rubuta sunayenku. Ke kin manta kafin ku ƙetare iyaka, ita ta taho da maganar gida. Kin ce sau tara silam ya wuce ku bara. Ki zauna ki tuna tsakaninki da Allah, a cikin taran nan sau nawa kika yi irin wannan zaman. Ki kuma tambayi kanki me ya sa shekara tara ba a sake kiran alƙali teburinku ba, alhali ba ki daina ba. Babu wanda ya cutu ne, domin duk lokacin da kika aika saƙon tana mayar da shi ba ta buɗe ba.

Ba na wanke ta tas. Shekara tara ta yi yawa ga shiru. Da ta zaunar da ke tun a hanyar dawowa ta ce Auta, ga abin da ke faruwa, da kun yi rigimar yini ɗaya kun wuce wurin. Ta zaɓi ta fake da lamba, ta yanke hukunci ita kaɗai cewa ba za ki iya ɗaukar gaskiya ba, kuma a nan kin yi daidai da kika ce har yanzu kallon yarinya take miki. Wannan kina da damar ki faɗa mata. Amma ki dubi abin da zaɓin ya ci mata. Faɗa miki yana nufin ta kalli ƙanwarta ta ce abin da kike yi bai halatta ba. Ta gwammace a kira ta matsoraciya a gaban butar kofi.

Ke ma akwai tambayar da za ki yi wa kanki. Katin shida yana cikin akwatinki, har kin taɓa shi. Ke ce mai hannun da babu zuciya, ke kika ga silam ɗin tun farko. Kin janye ne don kina so ita ta ɗauki kasadar, in an ci ku yi murna tare, in an faɗi ya zama tayinta. Ba ke kaɗai ba ce, rabin 'yan kulob haka suke. Amma kafin ki ce wani ba shi da ƙarfin hali, ki tuna hannun wa ya koma baya.

Game da Rosalba, ba zan ce kada ki taɓa wasa da ita ba, mutum yana da ikon canja aboki, kuma son yin na ɗaya ba zunubi ba ne. Sai dai ki lura da abin da ta yaba miki. Ba ta ce kin iya wasa ba, cewa ta yi ta karanta shirunki. Abin da ta yi ran nan shi ne ainihin abin da aka soke muku a Duluth, kuma can take so ta kai ki. A ɗakin ƙasan coci mutane suna kawar da kai don ana jin nauyin juna. A babbar gasa ba za ku kai hutun rana ba hannu zai tashi, kuma wannan karon ke za a ja baranda. Shawarata ki gaya mata Juma'a cewa bana ba zai yiwu ba, ki gode mata, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Gyaran a tebur ba shi da wuya. Ki riƙa yin tunaninki tun ana zagayowa, kafin layi ya zo kanki, ki saba wa kanki da ɗan dakatawa iri ɗaya a kowane tayi, mai sauƙi da mai wuya, idonki a kan katunanki. Ranar da tunani ya ja ki ya yi tsawo duk da haka, to hukuncin ya zama naki, kada ki tsaya a huɗu kina jiran a ɗauke ki. Ranar Talata kina da mafita a akwatinki, shebur uku. Tunda kun riga kun yarda ba za ku tsaya ƙasa da huɗu ba, ukun nan yana cewa ina da goyon baya kuma ina hangen sama, sai kowa ya nuna dangin da ya tare, ita ganye ke zuciya, ku isa shida ba tare da an tambayi as ko an kalli silin ba. Ku zauna ku rubuta wannan a takardar tsarinku, tare da tayin da zai nuna ba ki da komai a wani dangi. Rana ɗaya ta isa. Duk abin da kike so ki faɗa da numfashi, akwai katin da ke faɗarsa a fili, kuma shi tana da iznin ji.

Amma kafin takarda, ki je gidanta a ranar da ba Talata ba, ba tare da karta ba. Ki tambaye ta abin da alƙalin nan ya ce mata, ki yi shiru har ta gama, ko da za ta fara da kewaye-kewaye. Ki ba ta haƙuri a kan maganar jirgi, kuma tunda a gaban mutane kika yi ta, ki nemi hanyar da mutanen nan za su ji kin janye.

Kin tambaye ni yadda ake gaya wa yaya an gaji da haƙuri da ita. Wannan kam ban da amsarsa, domin a iya abin da na karanta, ita ce ta shekara tara tana zubar da silam da gangan, wasan da take so kamar yadda kike so, don kada a taɓa sunan ƙanwarta. Tana da saba'in da takwas, ido ɗaya ya tafi. Kin ce ba ki san gasa nawa suka rage miki ba. Nata sun fi naki kaɗan, kada ki bari ta ƙarasa su tana ajiye koren kati.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ku lafiya da tsawon kwana a tebur ɗaya. Ki gaishe mini da Irja.

Maureen